Baba Fensir da Tsohuwar Kwamfuta

A ofis kowa Baba Fensir yake ce masa, har waɗanda ba su taɓa ganin ya yi zane da fensir ba. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, don wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni tun ina aji uku da mahaifinmu ya rasu. Shi kuwa Auta yake ce mini, har yau da nake da furfura da surukai. Shi ya samo mini aikin sakatariya a kamfanin zanen gine-ginen da yake aiki. Teburina yana bakin ƙofa, nasa yana can ƙarshen ɗaki jikin taga. Shekara goma sha tara na yi ina kallon ƙeyarsa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Yana saurayi ya shiga kamfanin, zamanin tsohon Injiniya mai wurin, lokacin da ake zane a kan katako mai gangare da doguwar rula. Fensir uku ne kullum a aljihun rigarsa, da reza a naɗe cikin takarda. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da yake ba ni haushi tun muna yara. Ya taɓa riƙe zanen wani gida kwana biyu ya hana a fita da shi, don kawai matakala ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsawo da santimita biyu. Injiniya yana faɗa, mai gida yana waya, shi kuma abin da ya ce kawai shi ne, "Wata rana tsohuwa za ta hau benen nan." Yana da wani hali kuma: ba ya ɓoye awo. In ka tambaye shi yadda ya samo lamba, sai ya jawo maka kujera ya buɗe littafinsa, ya nuna maka tun daga farko, ko da kai ba ka so jin haka da yawa ba.

Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa duk suka watse, wani ya koma gona, wani ya buɗe kanti. Yaya ya zauna yana da shekara hamsin yana koyo da yatsa ɗaya, yana leƙen allon ta saman tabarau. An yi masa dariya har an gaji, kuma ya iya.

Sai Injiniya ya tsufa ya koma gida, ɗansa ya karɓi kamfanin. Manaja muke ce masa. Yaya ya sha ba shi guntun fensir ya yi wasa a ƙarƙashin teburi yana yaro. Ba zan ce mugu ba ne, don na ga mugaye. Shi dai mutum ne da komai sai ya mayar da shi lamba kafin ya gane shi. A zamaninsa masu gini suka daina gamsuwa da zane, sai an nuna musu hoton gidan da launi, da bishiyoyi, da mota a ƙofa, tun ba a aza bulo ɗaya ba. Mai zane yana gama aikinsa sai ya danna, kwamfuta ta ɗauki lokaci tana haɗa hoton. Mu a ofis dahuwa muke ce wa wannan jiran. Masu zane shida ne, biyar samari, aka ba su sababbin kwamfutoci masu dafa hoto a minti talatin da biyar. Ta Yaya ita ce tsohuwar da ta rage, minti hamsin take yi tana nishi.

Manaja ya sa aka kafa farin allo a bango, sunan kowa da yawan hotunan da ya gama a mako. Ni ake sa wa in rubuta. Duk ƙarshen mako da hannuna nake sa sunan wana a ƙasa. Rannan Manaja ya tara mu ya ce aiki ya yi sauƙi, nan da wata uku teburi ɗaya zai tashi cikin shida, kuma allo ne zai yanke, ba shi ba. Bai kalli kowa ba da yake faɗa, samarin ma ba wanda ya kalli wajen taga.

Na matsa wa Yaya ya je ya nemi sabuwar kwamfuta. Ya je, ina jin su ta ƙofa.

"Baba," in ji Manaja, "anya kwamfutar ce?"

Yaya ya fito ya koma teburinsa. Ni ce na kasa cin abinci.

A ƙasan benenmu akwai shagon wani mai gyaran kwamfuta da ake kira Likita, saboda farar rigar da yake sawa wadda rabonta da fari an daɗe. Shi ya haɗa wa kamfanin duk kwamfutocinsa. Da rana ta yi, lokacin hutu, Yaya ya ce in raka shi. Ya tambayi Likita ko akwai abin da za a yi wa tsohuwar ta ƙara sauri.

Likita ya sosa gemu. "Akwai, amma ban so in faɗa maka ba, Baba. Masu abin obakilokin suke ce masa."

"Oba me?"

"Bar shi, ce ƙarin gudu. A cikin kwamfutar nan akwai ƙwaƙwalwa, 'yar ƙarama, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Masu ƙera ta sun sa mata gudun da suka tabbatar ba za ta wahala ba. Taka a kan lamba talatin da huɗu take. Sa'arka ni na haɗa ta, ba a kulle take ba, kana iya ɗaga lambar. Amma duk ƙarin da ka yi, zafi za ta ƙara. Wani lokacin sai ka ƙara mata ƙarfin wuta kafin ta tsaya da ƙafarta, ita kuma wutar ta fi komai kawo zafi. In ka yi gaggawa ka soya ta."

"Har nawa za ta kai?"

"Allah kaɗai ya sani. Biyu daga kamfani ɗaya, rana ɗaya aka yi su, wata ta kai arba'in da biyu, wata ta tsaya a talatin da takwas. Sai ka tambaye ta a hankali. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa ƙarawa, ka ba ta aiki mai nauyi na awa guda, idonka a kan zafinta. Kada ya wuce tamanin da biyar. Ka rubuta duk abin da ka taɓa."

Da Likita ya ce a rubuta, na ga fuskar Yaya ta saki. Tuni ya zaro fensir.

"Kuma ka sani," Likita ya ƙara, "kwananta zai ragu."

"Na wa bai ragu ba?" in ji Yaya.

Ranar Asabar da safe, da ba kowa a ofis, na buɗe masa ƙofa don ni ke riƙe makulli. Ya kwance murfin kwamfutar. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gyaɗa. Ya share ta da burushin fenti, ya cire fankar da ƙarfen da ke kan ƙwaƙwalwar, ya goge tsohon man da ya bushe, ya ɗiga sabo mai ruwan toka daidai ƙwayar wake kamar yadda Likita ya nuna masa. Sannan ya kunna ta yana ta danna maɓalli ɗaya har wani shuɗin shafi ya fito, cike da lambobi, wanda ban taɓa sanin akwai shi a cikin kwamfuta ba. Ya nemo talatin da huɗu ya mayar da ita talatin da biyar. Ya sa ta aiki, ya ajiye agogonsa a teburi, ya naɗe hannu.

Awa guda muka yi muna kallon lambar zafi tana hawa tana sauka. Na ce masa ban taɓa ɓata Asabar irin wannan ba. Ya ce in yi haƙuri, saura talatin da shida.

A Asabar ta biyu ne ya yi kuskurensa na ɗan koyo. Ya ga talatin da takwas ta zauna lafiya, zumuɗi ya ɗebe shi, ya tsallaka zuwa arba'in da uku gaba ɗaya. Ya kunna, fanka ta juya, allon ya yi baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna, haka. Gumi ya keto masa, ya zauna ya yi tsamo-tsamo, sai na ga tsufansa a fili. Ba tasa ba ce, ta kamfani ce, kuma in ta mutu ba sai an jira wata uku za a sallame shi ba. Na sauka a guje na taso Likita. Ya zo yana dariya, ya zare wani ɗan batir mai kama da kwabo daga cikinta, ya ƙirga talatin, ya mayar. Ta farka a kan talatin da huɗu kamar ba a yi komai ba.

"Na ce maka ɗaya-ɗaya, Baba."

Yaya ya rubuta a littafinsa, da manyan baƙi: laifina ne, ba nata ba.

Da ta kai arba'in sai zafi ya fara matsowa kan iyaka. Washegari ya zo ofis da 'yar fanka a jaka, ya buɗe gefen kwamfutar ya saita ta tana hura mata iska. Na gane fankar, ta kicin ɗin matarsa ce. Da na je gidan da yamma ta tare ni tun daga ƙofa da ludayi a hannu.

"Auta, ki ja wa wanki kunne. Shekara talatin ina masa girki bai taɓa tambayar zafina nawa ba. Yanzu ni in gasu a kicin, akwatin ƙarfe yana shan iska!"

Yaya yana zaune yana murmushi yana jan layi a littafinsa. Rabon da in ga murmushin nan tun kafin a kafa allo.

A arba'in da ɗaya ta tsaya. Ya gwada arba'in da biyu, ta ƙi sai da ƙarin wuta, da ya ƙara wutar zafi ya haura casa'in. Nan take ya mayar da ita baya. Ya ce, "Ta faɗa mini iyakarta." Dahuwar minti hamsin ta koma arba'in da ɗaya da 'yan kai. Har yanzu ba ta kamo sababbin ba, amma Yaya yana da abin da samarin ba su da shi: aikinsa ba ya dawowa. Su sai su yi hoto sau biyu, don an manta taga ko ƙofa tana buɗewa cikin ginshiƙi. A makon farko ya bar ƙasan allo, a na uku ya hau na huɗu. Ranar na rubuta sunansa da sabon alƙalami, na ja layi a ƙarƙashi, ban damu da wanda ya gani ba.

A hanyar gida na ce masa, "Yaya, don girman Allah ka yi shiru. Saura mako shida. In an tambaye ka, ka ce ka share mata ƙura ne."

"Ƙarya kenan."

"Ai ka share ɗin!"

Ya ci gaba da tafiyarsa, kuma na san ba zai ɓoye ba.

Ranar Litinin Manaja ya tsaya a kansa yana kallon fankar kicin. Ya tambaye shi me ya yi wa kwamfutar. Ina daga bakin ƙofa ina yi masa ido, ina tari, har na yar da abin huda takarda da gangan. Wana ya jawo wa Manaja kujera, ya buɗe littafi, ya fara daga talatin da huɗu. Ya nuna masa komai, har shafin da ya rubuta laifinsa. Manaja yana gyaɗa kai, idonsa yana ƙyalli. Na san wannan ƙyallin, lissafi yake yi.

"Sababbin ma za su yi?"

"Za su fi wannan yi," in ji Yaya.

"Madalla. Zan sa yaran su duba a waya su yi wa nasu. Ai na ga abu ne mai sauƙi, lamba ce kawai."

Yaya ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "A'a. Bari ni in yi."

Asabar uku ya yi a kai. Na ƙi zuwa, na ba shi makullin na ce ya je shi kaɗai. Kowace kwamfuta sai da ya share ta, ya canza mata mai, ya bi ta ɗaya-ɗaya har ta nuna iyakarta, sannan ya rubuta mata takardarta da fensir ya manna a gefenta: lambarta, wutarta, zafin da ba za a bari ta wuce ba, da ranar da za a sake share ta. Ba biyu da suka zo ɗaya, kamar yadda Likita ya faɗa. Dahuwarsu ta sauko daga talatin da biyar zuwa ashirin da takwas. Yanzu samarin suna iya ɓata hoto su sake, kuma su riga shi gamawa. Suka yi ta yi masa godiya, wani har ya saya masa lemo. A mako na goma sha ɗaya na sake rubuta sunansa a ƙasan allo.

Ƙarshen wata na uku Manaja ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini rubutun hannu.

"Anti, ki buga wannan. Na san da nauyi, amma ba ni da wata sakatariyar."

Takardar sallamar Yaya ce. Akwai godiya a ciki, sakin layi guda cur, har da ambaton gudummawar da ya bayar wajen ƙara wa kamfani saurin aiki, wadda ta sa mutum biyar za su iya ɗaukar aikin shida. Na so in yaga ta, na so in watsa masa ita a fuska. Amma ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ni ba Yaya ba ce, tsoro nake ji. Na zauna na buga ta, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba, don shi ya koya mini kada in bar aiki da tabo. Har yau ban yafe wa kaina wannan tsabtar ba.

Ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu bayan fensiransa. Da aka fita hutun rana, ofis ya rage daga ni sai shi, na tsaya a kansa.

"Ka san haka za ta faru?"

"Tun a kwamfuta ta biyu. Lissafin ba wuya."

"To me ya sa ka ci gaba? Wa ya aike ka? Ka haƙa rami da hannunka, ka auna shi da rula, ka shiga ka kwanta!"

"Auta, rage murya."

"Ba zan rage ba!"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Kin ga yaran nan. Wanne ne a ciki zai zauna awa guda yana kallon lamba? Tsalle za su yi irin wanda na yi, su ƙara wuta, su soya biyu ko uku a mako guda. A sallami wanda ya soya. Wancan mai jar hular matarsa cikin wata bakwai gare ta."

"Kai fa? Kai ba ka da mata?"

"Ni na san yadda ake yi daidai," ya ce. "Ba zan iya zama ina kallo a yi ba daidai ba."

Na ce masa aƙalla kafin ya tafi ya mayar da dukansu yadda ya same su, Manaja ya ɗanɗana. Ya dube ni irin kallon da yake mini ina yarinya in na zo da abin da ba nawa ba. Guda ɗaya kawai ya taɓa, tasa. Ya kashe ta ya kunna, ya shiga shuɗin shafin nan, ya mayar da arba'in da ɗaya talatin da huɗu. Ya ce fankar za ta koma kicin, kuma in babu fanka ba za ta jure ba, ba kuma mai duba ta. Ya mayar mata da murfinta ya ɗaure kusoshi huɗu. Ya fita da fanka a hammata da doguwar rularsa ta dā a hannu. Samarin suna dawowa daga cin abinci suka yi masa a sauka lafiya a matakala.

Yanzu wata biyar kenan. Yana gida. Yakan fito da kujera ƙofar gida da safe, ya gyara wa jikoki fensir da reza ko ba su nema ba. Matarsa ta ce fankar ta dawo amma mutumin bai dawo ba, abinci ma sai ta yi da gaske. An ɗauke teburin jikin taga an sa tukunyar fure. Takardun da ya manna sun fara ɓallewa, na ga an ninke ɗaya an tokare ƙafar kujera da ita, kuma ranar sharar da ya rubuta ta wuce ba wanda ya kula.

Tsohuwar kwamfutar ni aka ba, da tawa ta lalace. Shekaranjiya Manaja ya tsaya a kaina yana jiran wata takarda ta buɗe, yana buga yatsa a teburi.

"Wannan ba ita Baba ya gyara ba? Ya na ga ta koma gidan jiya? Na yaran ma biyu sun fara ɗaukewa da rana. Anti, ki ce masa ya leƙo ranar Asabar ya taɓa mana su mana. Ai ba shi da abin yi yanzu."

Na ce to.

Jiya na je gidan. Na same shi a ƙofa, ya tambaye ni ofis, ya tambaye ni matar mai jar hula ko ta sauka, ya tambaya ko ana share kwamfutocin. Na ce ana sharewa. Saƙon Manaja yana bakina har na yi sallama na tafi, ban faɗa masa ba, kuma ba zan faɗa ba. Na san in ya ji, ranar Asabar tun kafin in iso da makulli zan tarar da shi a bakin ƙofar ofis, da burushinsa da fensir uku a aljihu, yana jira.